Yadda Hayaƙin A-kori-kura Ya Shiga Hannun Hukuma a Kalifoniya

Duk wanda ya mallaki a-kori-kura mai shan man gas a jihar Kalifoniya, indai ƙirar 1998 ce ko ta bayanta, ya san takardar da ke iso masa bayan kowace shekara biyu: ba za a sabunta maka takardun mota ba sai ka kai ta gwajin hayaƙi. Ni bakanike ne a Fresno, kuma rabin masu shigo mini gareji riƙe da wannan takarda da tsaki suke sallama. Manoman inabi da almon ne, da magina, da masu jan tirelar dawaki. A ganinsu jiya-jiyan nan wasu 'yan ofis da ba su taɓa riƙe sifana ba suka ƙago dokar don su takura wa mai neman abinci. Ba na musu da mai kawo mini aiki. Amma maganar ta girmi kakanninsu.

Tun kafin a san da mota mai shan gas, hayaƙin gawayin masana'antu ya addabi biranen Turai da Amurka, kuma matsalar hukuma ita ce yadda za ta tabbatar wa alƙali cewa hayaƙin wane ya fi ƙarfin doka. A ƙarshen ƙarni na 19 wani injiniyan aikin gona a Faransa, Maximilien Ringelmann, ya zana katuna masu layukan baƙi a kan fari, kowane kati layukansa sun fi na baya kauri. Idan aka kafa su daga nesa sai layukan su narke a ido su koma launin toka, daga lamba 0 fari fat zuwa lamba 5 baƙi ƙirin. Mai dubawa ya kalli hayaƙi, ya kalli kati, ya rubuta lamba. Awon ke nan, ido da takarda. A daidai wannan zamanin, cikin 1897, Rudolf Diesel ya tayar da injinsa a Augsburg ta Jamus.

Abin da ya jawo doka kan motoci kuwa a Los Anjelas ya faru. Ranar 26 ga Yuli, 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, wani hazo mai yaji ya rufe tsakiyar birnin, idanu na zubar da ruwa, maƙogwaro na ƙuna, har wasu suka zaci Japan ce ta sako iska mai guba. Aka ɗora laifin kan wata masana'anta da ke haɗa sinadarin yin roba, aka rufe ta, hazo bai fasa dawowa ba. A 1947 gundumar Los Anjelas ta kafa hukumar yaƙi da gurɓatar iska, irinta ta farko a Amurka. Aka bi masana'antu, aka bi masu ƙona shara a bayan gida. Mota dai babu mai son a ambace ta, don kowa na da ita.

Wanda ya fasa ƙwan wani masanin sinadarai ne ɗan asalin Holan, Arie Haagen-Smit, malami a Caltech, wanda aikinsa a lokacin binciken abin da ke ba abarba ƙamshinta ne. Da kayan aikin abarban ya tace iskar birnin. Ya kuma lura cewa roba da aka lanƙwasa tana tsattsagewa da wuri a ranakun hazo, sai ya mai da hakan ma'auninsa. Zuwa 1952 ya nuna cewa tururin man da bai ƙone ba da iskar naitirojin da inji ke fitarwa, idan rana ta dafa su tare, su ne ke zama hazon. Kamfanonin mota da na mai suka yi masa caa, amma gwaje-gwajen da aka sake yi suka gaskata shi. A 1967 Gwamna Ronald Reagan ya sa hannu aka kafa hukumar kula da iska ta jihar, Haagen-Smit ya zama shugabanta na farko. Nakan so in tuna wa abokan cinikina sunan wanda ya sa hannun, don yawancinsu mutanensa ne. Dokar tsabtace iska ta tarayya ta biyo baya a 1970, sannan a 1984 Kalifoniya ta fara gwajin shekara bibbiyu.

Sai dai gwajin bai taɓa mai shan gas ba, har tsawon shekara 26. Dalili na farko, na'urar gwajin abin da injin fetur ke fitarwa take aunawa, kuma injin gas da yake yana shan iska fiye da buƙatarsa, kaɗan yake fitar da irinsa. Na biyu, motocin ba su da yawa. Sai a 1982 GM ta sa injin 6.2 a a-kori-kurarta, Ford ta biyo a 1983 da 6.9 na International Harvester, Dodge kuma ta ɗauko 5.9 na Cummins a 1989. Wannan na ƙarshen shi ne abin son kowane bakanike: silinda shida a jere, famfon mai na ƙarfe zalla, babu kwamfuta ko ta magani. Da sukudireba za ka ƙara masa mai, ya ƙara ƙarfi, ya ƙara hayaƙi. Har yau doka ba ta kiran na 1997 zuwa baya gwaji, shi ya sa tsohuwar mota mai tsatsa a ƙofa take kuɗin da zai ba ka mamaki.

Cutar injin gas iri biyu ce, kuma maganin ɗaya shi ke tayar da ɗayar. Idan mai ya fi iska yawa, ko wutar ba ta yi zafi sosai ba, sai ka samu baƙin hayaƙi, kamar fitilar ƙwai da aka ɗaga wa lagwani. Idan kuma ka sa wutar ta yi zafi ta cinye man tas, zafin ne ke haɗa naitirojin da iskar shaƙa su zama gubar nan da Haagen-Smit ya gano, wadda ido ba ya gani. Gaba kura, baya sayaki. Duk ƙarafan da aka yi ta liƙa wa salansa daga baya ƙoƙarin fita daga wannan tsaka-mai-wuya ne. Da farko aka sa bututun da ke mayar da wani sashen hayaƙi cikin inji don ya rage zafin wuta, sai baƙin ya ƙaru. A 2007 aka sa matata mai kama baƙin, wadda kan ƙone abin da ta tara da zafin da ya kai wajen digiri 600. Matatar ba ta jure farar wuta, don haka tun a 2006 aka tilasta rage farar wutar da ke cikin man gas daga kashi 500 cikin miliyan zuwa 15. Daga 2010 zuwa gaba kuma aka ƙaro tanki na ruwan yuriya, ita dai yuriyar takin zamani, kashi 32.5 cikin ɗari a cikin tataccen ruwa, ana fesa ta cikin salansa ta warware gubar. In ruwan ya ƙare ka ƙi zubawa, motar da kanta za ta koma tafiyar hawainiya.

Ba don kwalliya aka yi wannan wahala ba. A 1998 Kalifoniya ta sa baƙin hayaƙin gas cikin jerin gubar iska, a 2012 kuma cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar yana jawo ciwon dajin huhu. Mu da ke kwarin San Joaquin, inda duwatsu suka kewaye mu iska ba ta da mafita, ba sai an karanta mana rahoto ba. Fresno da Bakersfield kullum suna sahun gaba a biranen Amurka masu mummunar iska, kuma yara masu ciwon fuka ba baƙin gani ba ne a nan.

A watan Janairun 2010 ne gwajin ya iso kan a-kori-kurar gas da nauyinta da kaya bai wuce fam 14,000 ba. Ba a zura mata komai a salansa. Mai gwaji zai buɗe bonet ya leƙa ƙarƙashi, ya ga ko kayan da kamfani ya sa suna nan, kuma duk ƙarfen da aka canza sai yana da lambar amincewar hukumar iska. Sai ya jona na'urarsa da kwamfutar motar ta faɗi lafiyarta da bakinta. Daga ƙarshe ya taka totur da ƙarfi ya dubi bayan mota. Wato bayan shekara ɗari da ɗoriya, ido bai bar aikin ba. Mafi yawan waɗanda ke faɗuwa a hannuna ba hayaƙi ke kayar da su ba. Wani ya cire kan batir don ya kashe fitilar gargaɗi ta dashbod, bai san ya goge wa kwamfutar duk binciken da ta yi wa kanta ba, kuma ba za ta sake cewa ta shirya ba sai an yi ta tuƙi a gari da babbar hanya. Wani kuma zirga-zirgarsa gajera ce, matata ba ta taɓa yin zafin da za ta ƙone dattinta ba. Shi wannan maganinsa ya hau titi na 99 ya miƙa, ya bar inji ya gasu.

Masu wuyar sha'ani su ne waɗanda suka yanke matatar, suka toshe bututun, suka sake wa kwamfuta karatu. A 2020 hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa an yi wa a-kori-kura sama da 550,000 wannan aiki cikin shekara goma, kusan kashi 15 cikin ɗari. Na san abin da ke kai mutum: matata ta toshe ana tsakiyar girbi, kuɗin sabuwa dubban daloli. Amma ba na yi, kuma wanda ya sayi irinta daga wata jiha ya kawo nan, mayar da kayan zai ci masa abin da ya ɗauka ya tsira da shi. Samarin da ke ƙara mai da gangan don su turnuƙe masu keke da hayaƙi kuwa, har New Jersey ta yi musu doka ta musamman a 2015, ba ni da abin cewa a kansu sai Allah ya shirya.

Abin da ke ci mini rai shi ne, manyan masu maguɗin ba su taɓa shan layi a tashar gwaji ba. A 1998 kamfanoni bakwai masu ƙera manyan injinan gas, ciki har da Caterpillar da Cummins da Volvo, suka sasanta da gwamnati kan sama da dala biliyan 1, saboda kwamfutocin injinansu na nuna ladabi lokacin gwaji, su saki guba a babbar hanya. A 2015 aka kama Volkswagen da irin wannan a motoci miliyan 11 a duniya, wasu na fitar da ninki 40 na abin da doka ta yarda, kuma masu bincike na jami'ar West Virginia ne suka bankaɗo ta da suka ɗaura ma'auni a bayan mota suka hau titi. A ƙarshen 2023 Cummins ta sake amincewa da tarar dala biliyan 1.675 kan a-kori-kurar Ram 2500 da 3500 kimanin 630,000 ƙirar 2013 zuwa 2019, ko da yake ba ta amsa laifi ba. Da yawa daga cikin motocin nan sun yi ta cin gwajinmu lafiya lau, tunda shaidar da muke karɓa ta kwamfutar da kamfanin ya rubuta ce.

Wasu daga cikin a-kori-kurar gas ta Amurka kan ƙare a jirgin ruwa zuwa Kwatano da Legas, kuma 'yan'uwa kan bugo mini waya neman shawara. A 2016 wata ƙungiya a Suwizalan, Public Eye, ta fallasa yadda 'yan kasuwar mai ke kai wa Afirka ta Yamma man gas mai ɗimbin farar wuta, lokacin da dokar Nijeriya ta yarda da kashi 3,000 cikin miliyan. A 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince da kashi 50, wanda har yanzu ya ninka abin da aka ƙera matatar Amurka dominsa fiye da sau uku. Saboda haka ɗan'uwa, kafin ka biya kuɗin a-kori-kurar gas ƙirar 2007 zuwa sama, fara binciken irin man da gidan man unguwarku ke sayarwa, da inda za ka riƙa samun ruwan yuriya.