Lambar da ba ta bin mai ita

A Magarya da Dungas, in aka ce wane babba ne, shekarun haihuwa ake nufi, kuma duk inda ya je da girmansa yake zuwa. Haka madugun fatake a zamanin da: ko ayari ya watse, sunansa yana nan, wani ayarin zai nemo shi. To a sana'ar tuƙin jirgin sama ba haka abin yake ba. A manyan kamfanoni da yawa, "babba" shi ne wanda ya riga shiga kamfanin. Ranar da aka ɗauki matuƙi ake ba shi lamba a jerin matuƙa, Faransawa suna kiran wannan ancienneté, wato daɗewa a aiki. Lambar ce take yanke wanda zai bar kujerar dama ta mataimaki ya koma ta hagu, ya zama kwamanda (kyaftin, inji ƴan Najeriya), da wanda zai samu babban jirgi, da wanda za a fara sallama in kasuwa ta mutu.

Tarihin yankinmu ya nuna inda gizo ke saƙar. Ranar 28 ga Maris 1961, ƙasashe 11, har da Nijar, suka sa hannu a Yawunde kan kafa Air Afrique, hedikwatarsa a Abijan. A lokacin, samun aiki a wannan kamfani kamar samun gadon gona ne: ka shiga da ƙuruciya, ka hau matakala a hankali, ka yi ritaya a ciki. Amma Kamaru ta fice a 1971, Gabon ta bi sahu, bashi ya yi ta taruwa. Karya darajar sefa a watan Janairun 1994 ta ninka nauyin bashin da ake biya da kuɗin waje. A farkon 2002 kamfanin ya rushe, da ma'aikata sama da 4,000.

Maƙwabtanmu ma ba su tsira ba. Nigeria Airways, da aka kafa a 1958, ya daina tashi a 2003, kuma har a 2018 gwamnati tana biyan tsofaffin ma'aikatansa wani kaso na haƙƙoƙinsu. Ko a Amurka, Pan Am da duniya ta sani ya durƙushe a 1991.

Me matuƙi ke fita da shi a irin wannan rana? Lasisinsa da awannin da ya tara a sama, waɗannan nasa ne. Lambar kuwa ta kamfani ce, tare suke mutuwa. In ya koma kamfanin da ke bin jerin daɗewa, daga ƙasa zai sake farawa, mai furfura a bayan yaron da ya haifa. Ga kuma lokaci yana cin sa: ƙa'idar hukumar sufurin sama ta duniya ta tsayar da tuƙin fasinja tsakanin ƙasashe a shekara 65, kuma likita na iya dakatar da shi kafin nan.

Kar a ce tsarin zalunci ne zalla. Yana toshe ƙofar "ɗan wane ne", yana kuma ba matuƙi ƙarfin zuciyar cewa "wannan jirgin ba zai tashi ba" ba tare da tsoron a danne masa ƙarin girma ba.

Don haka, ɗan'uwa ko ƴar'uwa mai mafarkin makarantar tuƙin jirgi ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, kar ka tsaya ga tambayar albashin farko. Awa 1,500 ake nema kafin cikakken lasisin kwamanda, ita kuwa kujerar hagu sai layi ya zo kanka. Tambayi shekarun kamfanin, jirage nawa gare shi, wa ke bin sa bashi. Hausawa sun ce kowa ya yi haƙuri shi ke samun riba. A wannan sana'a, sai in kamfanin ya kai ranar rabon.