Allon da ke Rataye a Bayan Dandamali

A makon nan za mu leƙa inda ɗan kallo ba ya gani, wato bayan dandamalin wasan kwaikwayo, kuma Ingila muka nufa, zamanin Shakespeare.

Gidajen wasan Landan na lokacin, irin su Globe da aka gina a 1599, suna da ɗakin shiri a bayan dandamali, mai ƙofofin da ke buɗewa zuwa gaban jama'a. Nan ake sauya tufafi, nan ake ajiye takubba da kambin sarauta, nan kuma mai riƙe da littafin wasa yake lura da shigar kowa.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne, ba a ba ɗan wasa cikakken rubutun. Nasa zancen kawai ake kwafe masa a doguwar takarda mai naɗi, tare da 'yan kalmomin ƙarshe na wanda zai yi magana kafin shi. Irin wannan takarda ta Edward Alleyn, ta wasan Orlando Furioso, tana ajiye a Kwalejin Dulwich har yau. To, yaya mutum zai san tsarin wasan duka? Sai a rataye allo a ɗakin shiri, an jera fitowa bayan fitowa, da sunan duk wanda zai shiga.

Wannan a gida ke nan. Daga 1592 zuwa 1594 annoba ta sa an rufe gidajen wasan Landan kusan duk tsawon lokacin, dole ƙungiyoyi suka bi gari-gari. Tun 1572 doka ta ce ɗan wasan da ba ya ƙarƙashin wani babban basarake, ɗan gararamba ne, ana iya hukunta shi. Don haka sukan fara nuna wa magajin gari takardar izini, sannan su yi wasa a zauren majalisar gari, ko masauƙin baƙi, ko gidan wani mai sarauta. Ɗakin shiri kuwa, abin da aka samu ne: bayan labule ko ɗakin da ke maƙwabtaka da zauren.

Tufafi su ne jarinsu. Marubuci yakan samu wajen fam 6 a wasa guda, amma Alleyn ya taɓa sayen alkyabbar karammiski ɗaya sama da fam 20 (mu marubuta, ashe ba yau aka fara raina mu ba). A 1593 Philip Henslowe ya rubuta wa Alleyn cewa 'yan ƙungiyar Pembroke sun dawo daga yawo ba su mai da kuɗin hanya ba, har sun jinginar da tufafinsu.

Duk wannan ya shafi alƙalami. 'Yan wasan ba su kai yawan taurarin labarin ba, mutum ɗaya kan fito a matsayi biyu ko uku, ga shi samari ne ke fitowa a matsayin mata. Dole marubuci ya ƙidaya mutanensa, ya bar wa wanda ya fita a bafade lokacin da zai tuɓe ya dawo a ɗan aike. Mu da kan tara mutum goma sha biyar a fitowa ɗaya, mu miƙa wa ƙungiyar makaranta mai 'yan wasa takwas, da mun sha faɗa a ɗakin shirin nan.