Awa Ɗaya a Can, Shekara Bakwai a Gida

Daren Lahadi na sake kallon Interstellar, fim ɗin Christopher Nolan na 2014, ni da wani ƙanena a nan Sabo, Ibadan. Da 'yan sama jannatin suka sauka wata duniya kusa da baƙin rami, inda awa ɗaya take daidai da shekara 7 a tamu duniyar, sai ya yi tsaki ya ce ƙaryar Turawa ce. Na ce masa, kai yaro, lissafin nan ya girmi babanmu.

Tun 1783 wani limamin coci a Ingila, John Michell, ya yi hasashen tauraron da ƙarfin jansa zai hana ko haske kuɓucewa. Aka manta da shi. Sai a 1915 Einstein ya nuna cewa abu mai nauyi yana lanƙwasa sarari da lokaci, har agogon da ke kusa da shi ya riƙa jan ƙafa. Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne Karl Schwarzschild, Bajamushe, wanda ya warware lissafin yana bakin daga a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ciwo ya kashe shi a 1916, bai ga abin da ya shuka ba. Shi kansa Einstein a 1939 ya rubuta cewa irin wannan rami ba zai samu ba. Ashe gwani ma yakan yi tuntuɓe.

John Wheeler ne ya yaɗa sunan a 1967. Ɗalibinsa Kip Thorne, wanda ya samu kyautar Nobel a 2017, shi ya ba masu fim lissafin da kwamfuta ta zana ramin da shi. A 2019 kuma aka fitar da hoton gaske na farko, zoben haske kewaye da duhu.

Duk wannan bayani na yi shi da ƙarfin gwiwa. Amma da Cooper ya koma jirgi ya tarar shekara 23 sun wuce, ya zauna kallon saƙonnin 'ya'yansa, sai na yi shiru. Ni ma na ce wa Inna shekara biyu zan yi a Kurmi. Bara da na je gida Sallah, yarinyar maƙwabtanmu da na bari a goye ita ta kawo min ruwa, da nata ɗan a baya, tana tambayar Inna wane baƙo aka yi.