Tayar Keke: Tarihin Robar da Ke Tsufa Ko Ba a Hau Ta Ba

A shekarar 1834, wani ɗan kasuwa da bashi ya yi wa katutu, mai suna Charles Goodyear, ya shiga kantin kamfanin roba na Roxbury a birnin New York na Amurka. Ya je ne don tallata wata 'yar na'urar toshe iska da ya ƙera wa rigar ceton rai a ruwa. Maimakon ciniki, sai manajan kantin ya nuna masa tarin kayan da zafin bazara ya narkar, suka manne wa juna, suna wari. Haka robar wancan zamani take: da zafi ta yi danƙo, da sanyi ta ƙage ta karye. Tun daga ranar Goodyear ya duƙufa neman maganin wannan aibi, kuma abin da ya gano shi ne tushen kowace taya da ke birgima a yau. A cikinsa kuma aka binne dalilin da ya sa taya ke tsufa.

Ɗanyar roba dogayen sarƙoƙi ne na ƙwayoyin sinadari, a cukurkuɗe kamar zaren da ya harɗe. Idan ta ji zafi sai sarƙoƙin su riƙa zamewa a kan juna. A 1839 Goodyear ya gano cewa idan aka gauraya roba da farar wuta aka gasa, farar wutar tana ɗaure sarƙoƙin da ƙananan gadoji, robar ta riƙe siffarta ko da zafi ko da sanyi. Ya sami takardar mallakar fasahar a 1844, a daidai lokacin da Thomas Hancock ya yi rajistar irinta a Ingila. Sai dai farar wutar tana kamawa ne a wasu gurabe masu rauni da ke jikin sarƙar, kuma ba ta cike su duka. Guraben da suka rage a buɗe su ne ƙofar da iskar oksijin da iskar ozon ke bi su ci robar sannu a hankali. Ke nan ƙofar da magani ya shiga, ta nan cuta ma take shiga.

Tayar da ake hura wa iska ta zo daga baya. Robert William Thomson, ɗan Sukotilan, ya yi rajistarta a 1845 don keken doki, amma ba ta karɓu ba, aka manta da ita. A 1887 John Boyd Dunlop, likitan dabbobi a birnin Belfast, ya sake ƙirƙiro ta don keken ɗansa mai ƙafa uku, ya yi rajista a 1888. Da Willie Hume ya lashe tsere a kanta a Belfast a 1889, sai kasuwa ta buɗe. A 1891 'yan'uwan nan biyu na Faransa, André da Édouard Michelin, suka fito da tayar da ake iya cirewa daga rim a yi mata faci a mayar, kuma a kanta Charles Terront ya ci tseren Paris zuwa Brest da dawowa, tafiyar kusan kilomita 1,200.

Akwai abin lura a ƙirar Dunlop da har yau bai sauya ba. Ya naɗe bututun robarsa da ƙyalle mai kauri, domin roba ita kaɗai ba ta iya riƙe matsin iska. Kumbura za ta yi ta yi har ta fashe. Tayar keke ta yau ma haka take: a ciki akwai tub mai tsare iska, a kansa akwai saƙar zare, galibi na nailan, wadda ita ce ke ɗauke da matsin, sannan waya a bakin tayar mai riƙe ta a rim. Robar da ido ke gani a waje riga ce kawai, aikinta kama ƙasa da kare zaren daga ruwa, rana da tsakuwa. Duk maganar tsufan taya a kan wannan take: yaushe ne rigar ta daina kare zaren?

Tayoyin farko ba baƙaƙe ba ne, fari-fari ne ko ruwan toka, kuma ba sa jimawa. A farkon ƙarni na 20 aka gano cewa zuba wa roba wani baƙin gari mai kama da kunkunniya yana ƙara mata juriya ƙwarai, kuma kamfanin B.F. Goodrich na Amurka na cikin waɗanda suka fara amfani da shi da yawa. Garin yana kuma shanye ɓangaren hasken rana mai lalata roba kafin ya ratsa ciki. Wannan ne asalin baƙin taya. Yaƙin Duniya na Biyu ya kawo wani sauyin. Da Japan ta mamaye gonakin roba na Malaya a 1942, sai Amurka ta koma ga robar da ake haɗawa daga man fetur. Ɗaya daga cikinsu, butil, wadda William Sparks da Robert Thomas suka samar a 1937, ta fi robar itace riƙe iska da jure tsufa. Da ita ake yin mafi yawan tub har yanzu, shi ya sa tub kan fi tayar da ke rufe da shi daɗewa.

Babbar abokiyar gabar roba kuwa an ƙara fahimtarta ne a birnin Los Angeles. A can tayoyi suna tsattsagewa da wuri fiye da sauran wurare. A farkon shekarun 1950, masanin sinadarai Arie Haagen-Smit ya nuna cewa hayaƙin motoci, idan rana ta buge shi, yana haifar da ozon. Har da robar ya auna yawan iskar: ya kan lanƙwasa siririn yankin roba ya ajiye a waje, ya ƙirga mintunan da zai ɗauka kafin ya tsage. Ozon tana cin roba ne inda take a miƙe ko a lanƙwashe, shi ya sa tsagar ke fara bayyana a gefen taya da cikin kwarin zanenta. Masu ƙera taya sun mayar da martani da sinadaran kariya da wani nau'in kakin kyandir da ake cuɗawa cikin robar, su riƙa tasowa sama a hankali. Launin ƙasa-ƙasa da kan bayyana a gefen baƙar taya alamar wannan aikin ne. Motsin taya a kan hanya yana taimaka musu tasowa, don haka keken da aka jingine shekara da shekaru, tayarsa a sace, yakan fi wanda ake hawa kullum saurin tsagewa.

Duniya ta ɗauki shekarun taya da muhimmanci bayan Agustan 2000, lokacin da kamfanin Firestone ya janye tayoyin mota miliyan 6.5 sakamakon haɗurran da suka ci rayuka, akasari a jihohin Amurka masu zafi. Zafi na hanzarta tsufan roba. Ƙiyasin da masana sinadarai ke aiki da shi shi ne ƙarin digiri 10 kan kusan ninka saurin lalacewa. Tayar mota tana ɗauke da lambobi huɗu masu nuna mako da shekarar ƙira: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Wasu kamfanonin mota suna ba da shawarar sauyawa bayan shekara shida, wasu masu ƙera taya kuma sun sa iyaka a shekara goma. Tayar keke galibi ba ta da irin wannan tambari da mai saye zai iya karantawa. Kuma ko da tana da shi, shekara guda a ɗaki mai sanyi da duhu ba daidai take da shekara guda a tsakar gida a Sakkwato ko Maraɗi ba, inda zafin watan Afrilu ke haura digiri 40.

Saboda haka hukuncin na ido ne da hannu. Ƙananan tsage-tsage marasa zurfi a saman roba gargaɗi ne, ba hukuncin kisa ba. Taya ta tashi daga aiki idan an matsa tsagar ta buɗe har zare ya bayyana, ko zaren gefe ya fara warwarewa, ko wani wuri ya kumbura ko tayar ta karkace idan an juya ta, domin hakan na nufin zaren ciki ya tsinke. Haka nan idan wayar baki ta fito ko ta yi tsatsa, ko tsakiyar tayar ta cinye ta baje har ana yawan zuwa wurin mai faci, ko robar ta bushe ta yi tauri tana sheƙi har farce ba ya lotsa ta. Wannan ta ƙarshe ita ce mai yaudara: zanenta na nan kamar sabuwa, amma ba ta kama jiƙaƙƙiyar kwalta idan an taka burki. Faci yana gyara tub, ba ya mayar da zaren da ya tsinke.

Tayar baya ta fi saurin cinyewa saboda nauyi da tuƙi, amma ta gaba ce fashewarta ke kayar da mutum, don haka mafi kyawun biyun ita ta cancanci gaba. Abin da ke tsawaita ran taya kuma bai wuce abin da tarihinta ya koyar ba: inuwa, isasshiyar iska, nisantar fetur da baƙin mai, da nisantar injinan lantarki masu tartsatsi da wurin walda, domin suna haifar da ozon.

Goodyear ya rasu a 1860 da bashi a kansa, bai ga keke mai tayar iska ba. Ya hana roba narkewa a bazara guda, amma bai hana ta tsufa ba, kuma duk waɗanda suka biyo bayansa jinkiri kawai suka ƙara mata. Mai keken da ya durƙusa ya matsa gefen tayarsa da yatsa kafin ya ɗora buhu ko ya goya yaro zuwa makaranta, gwajin da Haagen-Smit ya yi yake maimaitawa, sai dai shi sakamakon a jikinsa zai gani.