Tsofaffin Matuƙa na Ƙasar Yawuri

Duk wanda ya karanta tarihin ƙasar Yawuri kamar yadda masana suka tsara shi, zai iske sarakuna a jere, tun daga zamanin da gadon sarauta yake Bin Yawuri, har zuwa lokacin da Sarki Abdullahi Abarshi ya zaunar da mulki a Yelwa cikin 1888, bayan fitinu da yaƙe-yaƙe sun daɗe suna wahal da jama'a. Zai kuma iske labarin baƙin Turawa, wato Mungo Park da ya ratsa ƙasar cikin jirginsa kafin ajali ya cim masa a duwatsun Busa cikin 1806, da 'yan'uwan nan biyu, Richard da John Lander, waɗanda suka sauka wurin Sarkin Yawuri cikin 1830. Amma mutanen da suka riƙe filafili suka ƙetarar da sarakunan da baƙin nasu, waɗanda in ba dominsu ba da babu mai isa gungu ko ya fito daga cikinsa, tarihi bai cika tsayawa a kansu ba, alhali kuwa a wurinsu ne ake samun wata ɗabi'a wadda ta cancanci a rubuta ta, ita ce mutum ya so abin da yake yi, ya dawwama a kansa har furfura ta rufe shi, ba tare da halinsa ya gurɓata ba.

Kogin Kwara, tun kafin a tare shi da madatsa, yana buɗewa ƙwarai a wannan yanki, yana rarrabuwa ya bar tsibirai masu ni'ima a tsakiyarsa, kuma a kan waɗannan tsibirai ne Gungawa suka zauna, suna noman gero da dawa da damina, da rani kuwa su shuka albasa a bakin ruwa, har albasar Yawuri ta yi suna a kasuwannin nesa. A gaɓar kogin akwai Shangawa ta arewa, da Lopawa, da Kambari ta wajen Ngaski, sa'an nan ga Sarkawa masunta waɗanda suka gangaro daga sama suna bin kifi. Yaron da aka haifa a gungu ba ya tuna ranar da ya fara shiga kwale-kwale, gama da shi ake zuwa gona, da shi ake zuwa kasuwa, da shi ake kai amarya.

Daga cikin wannan zama ne wasan Rigata ya fito. Ruwayar mutanen ƙasar ita ce, tun kimanin shekara 200 da suka shige, jarumawan Gungu kan fita a jiragensu sau ɗaya a shekara, riƙe da makamai, su tasam ma dorinar da ta addabi jama'a, mai kifar da jirage da ɓarnar gonaki, kuma wannan fita ita ce makarantar da samari ke koyon yaƙin ruwa. Da Turawa suka kafa mulkinsu suka hana farautar dorina, sai abin ya juye ya zama tsere da nuna gwaninta, ana yinsa domin taryen manyan baƙi. Ya yi rauni na wani zamani, sa'an nan aka farfaɗo da shi lokacin Gwamnan Jihar Kebbi Abubakar Atiku Bagudu, ƙarƙashin kulawar Mai Martaba Sarkin Yawuri Dokta Muhammad Zayyanu Abdullahi, wanda ke bisa gadon tun 1999.

Mai kallo daga gaɓa, idan jirage suka taso ana kiɗa ana guɗa, samari yake gani, ƙiraza a buɗe, filafilai na faɗawa ruwa lokaci guda. Lalle ƙarfinsu ne ke tura jirgin, ba a musun wannan. Amma wanda ya san ruwa, can baya yake kai idonsa, inda mai juya akalar jirgin yake zaune, domin wannan mazauni ba a bayar da shi saboda ƙwanji, sai saboda sani. Shi ne ya san inda igiya take da ƙarfi da inda take kwance, ya san launin ruwan da ke ɓoye dutse, ya san iskar da ke tasowa da la'asar da abin da take nufi, ya kuma san lokacin da zai bar yaransa su numfasa da lokacin da zai tsawata musu su zuba iyakar ƙarfinsu. Irin wannan ilmi ba ya samuwa cikin shekara biyar ko goma, kuma ba ya zama a ƙirjin mai gaggawa ko mai girman kai, saboda kogi yakan yi wa irin waɗannan hukunci tun ba su kai ga tsufa ba. Saboda haka idan ka ga dattijo a bayan jirgi, daɗewarsa kanta shaida ce a kan halinsa: ya yi haƙuri da koyo, ya ji maganar na gaba da shi, ya san ranar da ba a fita, ya riƙe amanar rayukan da suka zauna a gabansa.

Kokawa kuwa, wadda ita ce ɗaya wasan da aka san Gungawa da shi, sha'aninta dabam ne. Wani masani Ba'amurke, Frank Salamone, wanda ya zauna a Yawuri yana nazarin al'adun mutanenta, ya wallafa bincike cikin 1974 inda ya nuna cewa kokawa tana daga cikin abubuwan da Gungawa ke bambanta kansu da maƙwabtansu da su. Fage ne na samari, na shekarun da saurayi ke aikin gormu a gonar surukansa kafin a ba shi mata, kuma kwanakin mutum a cikinsa ƙidayayyu ne. Wanda ya kayar a bana, baɗi ko baɗin baɗaɗa wani zai kayar da shi. Sai dai mai son abin da gaske ba ya barin fage don bayansa ya taɓa ƙasa. Yakan koma gefe ya zauna cikin manya, yana gyara wa yara kamu, yana raba gardama, yana hana a wulakanta wanda ya faɗi.

Jarrabawa mafi girma ta zo wa waɗannan al'adu da ginin madatsar Kainji, wanda aka fara cikin 1964 aka gama cikin 1968. Ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, ya haɗiye tsibirai da gonaki da kaburburan kakanni, har da babban tsibirin Foge da tsohon garin Busa, aka tayar da mutane kimanin 44,000 aka mayar da su sababbin ƙauyuka a tudu. A ganina babu wanda wannan sauyi ya fi taɓawa kamar tsohon matuƙi, domin taswirar da ya shekara arba'in yana zanawa a zuciyarsa ta nutse cikin 'yan watanni: inda ya sani mashigi ya zama zurfi, inda ya sani daji ya zama ruwa mai kututtura a ƙarƙashinsa, ga kuma raƙuman ruwa irin waɗanda kogi bai saba tayarwa ba. Da abin neman abinci ne kurum, da ya ajiye filafili ya kama fartanya. Amma da yawa sun sake zama ɗalibai da furfurarsu, suka koyi tafkin kamar yadda suka koyi kogin, kuma ta hannunsu ne sanin ruwa ya iso ga waɗanda ke tsere a Yelwa yau.

Wannan hali ba na bakin Kwara kaɗai ba ne, kuma akwai misalinsa a wani wasa da samarinmu na makaranta suka fi sani, wato ƙwallon kwando. Wajen 1978, lokacin da Yawuri take cikin Jihar Sakkwato, domin ba a yanke Jihar Kebbi ba sai 1991, an yi gasar wasanni ta makarantun horon malamai a birnin Sakkwato, inda wani dogon yaro ɗan shekara 15 daga wata kwalejin Musulmi ta Ikko, wanda ƙwallon hannu ya sani, aka roƙa a sa shi cikin 'yan ƙwallon kwando. Yaron nan shi ne Hakeem Olajuwon. Ya tafi Amurka, aka zaɓe shi na farko cikin 'yan wasan da suka shiga babbar gasar NBA a 1984, ya yi shekara 18 yana bugawa, 17 daga ciki a ƙungiya guda, Houston Rockets, wadda ya ciyo wa kambi a 1994 da 1995, bai kuwa ajiye ba sai 2002 yana da shekara 39, bayan ya tare ƙwallo sau 3,830, adadin da har yau ba a rubuta wa kowa irinsa ba a gasar.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a tarihinsa shi ne, a farkon al'amarinsa an san shi da saurin fushi da faɗa a fili, sa'an nan da ya koma ga addininsa da gaske, ya sauke farali, sai natsuwa ta sauko masa, kuma mafificin wasansa ya zo ne bayan wannan tuba. Yakan yi azumin Ramadan yana fafatawa da ƙarti, har aka zaɓe shi gwarzon watan Fabrairu na 1995 alhali yana ɗauke da azumi. Da aka zo yin takalmi da sunansa, ya yarda da kamfanin Spalding a sayar da shi kimanin dala 35, a zamanin da takalman sauran taurari ke haura dala 100, domin kada uwa matalauciya ta kasa saya wa 'ya'yanta. Bayan ya bar fage kuma, manyan 'yan wasa irin su Kobe Bryant da LeBron James sun je har inda yake domin ya koya musu sarrafa ƙafa. Dattijon Gungu da bai taɓa ganin ƙwallon kwando ba, in aka ba shi wannan labari, zai gane mutumin nan take, gama ya san irinsa a bayan jirgi.

Yau injin ya maye gurbin filafili a yawancin jiragen da ke zirga-zirga tsakanin Yelwa da Wara da ƙauyukan ƙetare, kuma injin alheri ne, sai dai yana sa yaro ya ɗauka ya iya ruwa tun bai san shi ba. Ranar 26 ga Mayu 2021 wani jirgi da ya taso daga Lokon Minna ta Jihar Neja, ɗauke da mutane fiye da 150 bisa ga rahotanni, ya tarwatse kusa da Wara a ƙasar Ngaski, waɗanda aka tsamo da rai ba su fi ashirin da 'yan kai ba; Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya ba iyalansu haƙuri. Ƙaddara gaskiya ce, amma hukuma ta ambaci lodin da ya wuce kima, kuma ƙin ƙara fasinja bayan jirgi ya cika yana buƙatar mutumin da kwabo bai rufe masa ido ba, wanda kuma yake da girman da zai ce a'a a saurare shi.

Don haka nake roƙon masarauta da masu shirya Rigata, a duk shekarar da za a raba kyauta ga jirgin da ya riga isowa, a kira tsofaffin matuƙa na Yawuri da Ngaski da Shanga, musamman 'yan kaɗan ɗin da suka rage cikin waɗanda suka tuƙa jirgi kafin 1968, a zaunar da su gaban Sarki, a ambaci sunayensu da na gungayen da aka haife su, a sa ɗalibai su rubuta abin da suka sani na iska da igiya da wuraren kututture, sa'an nan a ba su murya a tashoshin jirage wajen ƙayyade lodi da lokacin tashi.