Yadda ake lissafin farashin fili a wasannin intanet

A Bungudu ko Tsafe ko Gusau, wanda ya je sayen fili ya san abin da dillali zai duba: girman filin, da inda yake, da kuma takardunsa. Fili mai ƙafa 50 da 100 a bakin hanyar Gusau zuwa Sakkwato ya fi irinsa da ke can bayan gari tsada.

To haka ma ake sayar da filaye a wasu wasannin intanet, inda mutum kan gina gida ko shago da ba a ganinsa sai a fuskar kwamfuta, kuma a biya da kuɗi na gaske.

Sai dai lissafin ya ɗan bambanta.

Girman fili

Wasan da ya fi yin suna a wannan harka shi ne Second Life, wanda kamfanin Linden Lab na Amurka ya buɗe a shekarar 2003.

An yanka duniyar wasan ne yanki-yanki, kowane yanki mita 256 a tsawo, mita 256 a faɗi, wato murabba'in mita 65,536.

Filin da aka saba farawa da shi murabba'in mita 512 ne, wanda ya ɗara fili mai ƙafa 50 da 100 kaɗan, domin shi wannan murabba'in mita 465 ne.

Abin da mai saye yake biya wa kuɗi a zahiri shi ne wani kaso na ƙarfin manyan kwamfutocin kamfanin, waɗanda ke ɗauke da duk abin da aka gina.

Shi ya sa ake ƙayyade yawan kayan ginin da fili zai ɗauka. A shekarun farko fili mai mita 512 yana ɗaukar guda 117 ne kawai, kafin a ƙara zuwa 175 a shekarar 2016.

Wanda ke son babban gini dole ya ƙara sayen fili, ko da kuwa yana da sarari.

Kuɗi biyu ake biya

Na farko kuɗin saye ne, wanda ake ƙididdigewa a kan kowace murabba'in mita, da kuɗin wasan da ake kira dalar Linden. An shafe shekaru ana canjin kimanin 250 a kan dalar Amurka ɗaya.

Na biyu kuɗin wata-wata ne da kamfanin ke karɓa gwargwadon yawan filin da mutum ya mallaka, kamar dai kuɗin harajin ƙasa da mai takardar mallaka ke biyan gwamnati.

Daga ƙarshen 2006, mai tsibiri guda yana biyan dala 295 a wata, wato dala 3,540 a shekara, ban da kuɗin saye, kodayake daga baya kamfanin ya rage farashin.

Wanda ya daina biya, fili ya kuɓuce masa.

Inda fili yake

Fili a bakin ruwa, ko a gefen hanya, ko kusa da wurin da jama'a ke taruwa ya fi tsada, domin a nan ne mai shago zai samu masu saye.

Wasu sabbin wasannin kuma sun ƙayyade adadin filayen tun farko. Decentraland na da filaye 90,601, kowanne mita 16 da 16, yayin da The Sandbox ke da 166,464, kuma ana cinikinsu ne da kuɗin kirifto.

A watan Nuwamban 2021, wata guda bayan kamfanin Facebook ya sauya sunansa zuwa Meta, wani kamfani ya sayi filaye 116 a unguwar masu kayan sawa ta Decentraland a kan kimanin dala miliyan 2.4, wato sama da dala 20,000 kowane fili.

A watan Fabrairun 2022 kamfanin MTN ma ya sayi filaye 144 a Ubuntuland, wata duniyar intanet da aka ƙirƙira a Afirka ta Kudu.

To amma a cikin wannan shekarar farashin irin waɗannan filaye ya faɗi warwas, bayan da darajar kuɗin kirifto ta zube, masu shiga kuma suka yi ƙaranci.

Wa ke da ƙasar?

A Najeriya, dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, kuma takardar mallaka kan kai shekara 99. Ana iya ƙwace fili domin aikin jama'a, amma akwai diyya kan abin da aka gina, akwai kuma kotu.

A wasa irin Second Life, kamfani ne ke ƙirƙiro ƙasar, shi ke tsara ƙa'idojinta, kuma yana iya ƙara sabbin yankuna duk lokacin da ya ga dama, abin da kan karya farashin tsofaffin.

Inda aka ƙayyade adadi kuwa, babu abin da zai hana wani kamfanin buɗe sabuwar duniya da za ta janye jama'a.

Don haka mai niyyar saye zai haɗa kuɗin saye da na wata-wata na tsawon shekara, ya dubi farashin dala a kan naira, sannan ya auna da abin da filin zai iya kawo masa na haya ko ciniki.

Gona a Bungudu, ko farashinta ya faɗi, ana iya noma ta. Filin wasa kuwa darajarsa ta dogara ne kacokan ga yawan mutanen da ke ci gaba da shiga.