Ba da Amsa Saboda Bangaskiyarmu: Jagora ga Ikilisiya da Matasa Ma'aikata a Kano

Ma'anar kare bangaskiya

Kare bangaskiya shi ne mai bi ya iya bayyana abin da ya gaskata, da dalilin da ya sa ya gaskata shi, sa'ad da aka tambaye shi. A Helenanci, harshen da aka rubuta Sabon Alkawari da shi, kalmar ita ce apolojiya, wato amsar da wanda ake ƙara yake bayarwa a gaban alƙali. Ita Bitrus ya mora a 1 Bitrus 3:15, ita kuma Bulus ya mora a Ayyukan Manzanni 22:1 da Filibiyawa 1:7. Bitrus ya haɗa abu uku wuri ɗaya: girmama Almasihu a zuciya, zama a shirye da amsa, da ba da amsar cikin tawali'u da ladabi. A aya ta 16 ya ƙara lamiri mai tsabta. Saboda haka wannan aiki ba gardama ba ne, ba kuwa na masu digirin tauhidi kaɗai ba ne. Aikin kowane mai bi ne, tushensa kuma rayuwa ce.

Inda matasanmu suke

Duk wanda ya tsaya a Na'ibawa, kan hanyar Zariya, da sassafe, zai ga ma'aikata suna rububin adaidaita sahu zuwa Sharada da Challawa, waɗansu har Bompai. A cikinsu akwai 'ya'yanmu: waɗanda aka haifa a Kano, da waɗanda suka zo neman abinci daga Filato, kudancin Kaduna, Adamawa da ƙauyukan Hausawa masu bi. Suna aiki a kamfanonin roba, na jima da na kayan abinci, waɗansu kuma a 'Yan Katako da 'Yan Lemo. Yawancin abokan aikinsu Musulmi ne, waɗanda tun suna ƙanana aka koya musu addininsu da hadda. Tambayoyi sukan taso lokacin cin abinci ko a motar komawa gida, sau da yawa ba da mugun nufi ba. Matashin da bai taɓa jin tambayar a gida ko a majami'a ba yakan yi shiru da kunya, ko ya yi fushi, ko kuma shakka ta fara cin zuciyarsa a ɓoye. Ga aikin dare da na Lahadi da ke raba waɗansu da sujada wata da watanni. Ta haka muke rasa matasa ba tare da mun sani ba.

Darasi daga tarihi

Wannan aiki daɗaɗɗe ne. Wajen shekara ta 155 Jastin Shahid ya rubuta wa sarkin Roma bayanin bangaskiyar masu bi, daga baya aka kashe shi saboda ita. A 197 Tatuliyan, mutumin Kartaj a arewacin Afirka, ya yi irin wannan rubutu. Wajen 781 shugaban ikilisiyar Gabas, Timoti na Ɗaya, ya tattauna da Halifa Mahdi na Bagadaza kan Almasihu da ɗayantakar Allah, cikin girmama juna, bai kuwa musunci kome daga bangaskiyarsa ba.

A nan gida, ayarin Bishop Tugwell, wanda Likita Walter Miller yake ciki, ya iso Kano a 1900, amma Sarki Alu ya sallame su bayan 'yan kwanaki. Miller bai daina ba. Ya zauna a ƙasar Zazzau, ya duƙufa kan fassara tare da Hausawa da sauran 'yan mishan, har aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. A Kano kuwa, inda gwamnatin Turawa ta taƙaita wa'azi, hidima ce ta fara magana: kula da kutare a Yadakunya, da asibitin ido da SIM ta buɗe a 1943, wanda yau ake kira Asibitin Ido na ECWA. Kakanninmu sun bar mana abu biyu, Maganar Allah a harshenmu da aikin jinƙai a hannunmu.

Rayuwa ce amsa ta fari

Yaƙub 2:14-26 ya koyar cewa bangaskiyar da ba ta haifar da aiki ba ta da rai. A kamfani ana gwada wannan kowace rana. Mai bi ba ya sa hannu wa abokinsa da bai zo aiki ba. Ba ya fita da kayan kamfani a jaka, ko da albashi ya yi jinkiri. Yana biyan bashin mai abinci a ƙarshen wata, yana zuba adashinsa a kan lokaci. Idan abokin aikinsa Musulmi ya yi rashi, yana zuwa ta'aziyya. In lokacin azumi ne, ba ya cin abinci a gabansa da gangan. Gani ya kori ji. Maƙiyan Daniyel sun bincike aikinsa ba su sami aibu ba (Daniyel 6:4). Matashin da aka sani da maye ko zamba ya riga ya rushe amsarsa kafin ya buɗe baki.

Tambayoyi huɗu da aka fi yi

1. Alloli uku kuke bauta wa? A'a. Allah ɗaya ne (Maimaitawar Shari'a 6:4, Markus 12:29). Allah ɗayan nan ya bayyana kansa Uba, Ɗa da Ruhu Mai Tsarki (Matiyu 28:19). Maryamu ba ta ciki, ba ma kuwa yi mata sujada.

2. Ta yaya Allah zai haifi ɗa? Ba mu gaskata cewa Allah ya yi aure ko ya haihu irin ta mutane ba. Mu ma saɓo muke ɗaukar wannan. Sunan Ɗan Allah yana nuna dangantaka ta har abada: Yesu shi ne Kalman Allah wanda yake tun fil'azal, ya zama mutum (Yahaya 1:1-14, Luka 1:35).

3. Ba an canja Littafinku ba? Akwai tsofaffin rubuce-rubucen hannu na Sabon Alkawari da Helenanci fiye da 5,000. Biyu daga cikin manyansu, na Sina'i da na Batikan, an rubuta su a ƙarni na 4, suna nan har yau. A 1947 aka fara gano naɗaɗɗun littattafai kusa da Tekun Gishiri, har da littafin Ishaya da aka kwafa kafin haihuwar Yesu. Akwai ƙananan bambance-bambance na masu kwafi, masana ba su ɓoye su ba, ba su kuma taɓa tushen koyarwarmu ba. Yawan fassara ba shi ne yawan littattafai ba.

4. Da gaske an gicciye Yesu? Bisharu huɗu duka sun shaida haka. Bulus ya lissafta waɗanda suka gan shi bayan tashinsa (1 Korantiyawa 15:3-8). Takitus, marubucin tarihin Roma wanda ba mai bi ba ne, ya rubuta cewa an kashe Almasihu a zamanin Bilatus.

Hikima wajen magana

Sashe na 38 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin riƙe addininsa da bayyana shi. Duk da haka, mazauna Kano ba su manta da rikicin Oktoba 1991 ba, lokacin da shirin zuwan mai wa'azi Reinhard Bonnke ya ƙare da asarar rayuka. Ubangiji ya umarce mu mu haɗa wayo da rashin ɓarna (Matiyu 10:16). Don haka muna koya wa matasa: ka faɗi abin da ka gaskata, kada ka zagi abin da wani yake girmamawa, ko annabinsa ko littafinsa. Magana da mutum ɗaya ta fi jayayya a taro. In murya ta fara tashi, ka yi sallama ka koma bakin aiki. Abin da ba za ka faɗa ido da ido ba, kada ka rubuta shi a WhatsApp ko Facebook, gama magana zarar bunu ce. In ba ka san amsa ba, ka ce za ka tambayo, ka kuma dawo da ita. Sāke zuciya aikin Ruhu Mai Tsarki ne, ba namu ba (2 Timoti 2:24-25).

Hakkin gida da ikilisiya

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Iyaye su riƙe sujadar iyali, su bar yara su yi tambaya ba tare da tsawa ba. Malaman makarantar Lahadi su koyar da Shaidar Bangaskiya ta Manzanni tare da ma'anarta. Zumuntar matasa ta keɓe taro ɗaya a wata don tambaya da amsa da Hausa, harshen da ake tambayarsu da shi. Dattawa su san wanda yake aikin dare, a shirya masa nazarin Littafi Mai Tsarki a tsakiyar mako. A haɗa sabon zuwa gari da dattijon da ya daɗe a kamfani. 'Yan makaranta su shiga zumuntar FCS, wadda aka kafa a Gindiri a 1957. Zumuntar mata kuma ta jawo 'yan mata ma'aikata a jiki, don matsin da suke fuskanta yakan zo ta hanyar kyauta da alkawarin aure.

Bari Ubangiji ya ba matasanmu hannu mai aminci da harshe mai daɗi, domin a ɗaukaka sunansa a Kano. Amin.